TARIHIN KEKE DA YADDA ZA KA ZAƁI NA HANNU BA TARE DA AN ƊORA KA A KEKEN ƁERA BA

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da data a gefe, mu taɓo wata na'ura da ta girme su duka, wadda ba ta neman caji kuma ba ruwanta da ɗauke wuta. Keke nake nufi.

Tun ranar 29 ga watan Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma. Ni da nake zuwa shagon gyaran waya kullum, sai na wayi gari abin da nake biya zuwa da dawowa yana cinye ribar gyara biyu ko uku. Shi ya sa na sayi keke na hannu. Na farkon da na saya, wallahi kyan ɗan maciji ne: fenti yana walƙiya, giya 21, ga shokozoba gaba da baya. Ban yi wata biyu da shi ba na ji yana wani ƙyas-ƙyas idan na taka. Da na ɓare wata sitika da ke kusa da wuyansa sai ga tsaga a jikin ƙarfen, an rufe ta da gangan. Ni da nake gano wayar da aka taɓa buɗewa tun daga nesa, aka ɗora ni a keken ɓera a kan keke.

Haushin wannan ne ya sa na zauna na karanci tarihin keke, kuma abin da na gano shi nake so ka riƙe. Ba mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro keke a rana ɗaya ba. An yi ta haɗa shi ne gaɓa-gaɓa cikin kusan shekara 70, kuma kowace gaɓa an ƙirƙiro ta ne don maganin wata wahala da masu hawa suka sha. Idan ka san wahalar da ta haifi kowane sashe, ka san abin da za ka duba a jikinsa ranar da ka je saye. To mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

1817: KEKEN DA BA SHI DA FEDA

Wani Bajamushe mai suna Karl von Drais shi ne ya fara jera ƙafa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya ɗora sirdi a tsakani, ya sa abin juya ƙafar gaba. Ranar 12 ga watan Yuni 1817 ya hau abin nasa a garin Mannheim, ya yi tafiyar sama da kilomita 12 cikin kimanin awa ɗaya. Da katako aka yi shi, nauyinsa ya haura kilo 20, kuma ba feda ba sarƙa. Mutum zai zauna ne ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa, idan abin ya ɗauki gudu ya ɗaga su.

Abin da Drais ya nuna wa duniya shi ne abu mai ƙafa biyu ba ya faɗuwa muddin yana tafiya kuma kana iya juya kansa. Wannan shi ne dukkan sirrin hawan keke har gobe.

Kai da ba ka taɓa hawa ba, kada ka ji kunya, ka koma 1817. Ka sa a cire maka fedoji biyun, a sauke sirdi har tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai, ka samu fili da sassafe ka yi ta turawa kana ɗaga ƙafa. Ranar da ka ga kana iya tafiya mai ɗan nisa ƙafarka a sama, sai a mayar da feda. Ya fi a riƙe maka kariya ana gudu a bayanka yara suna dariya.

A wajen saye kuma, darasin Drais shi ne kan keke. Ka ɗaga ƙafar gaba ka juya kan dama da hagu. Ya kamata ya tafi sumul, ba ya cijewa a tsakiya. Sannan ka ajiye, ka damƙe birkin gaba, ka tura keken gaba da baya. Idan ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, akwai sako-sako a wurin. Wani lokaci ɗaurewa kawai yake so, wani lokaci boris ɗin ciki ne ya ƙare.

SHEKARUN 1860: FEDA DA BORIS

A birnin Faris na Faransa ne aka fara maƙala feda a jikin ƙafar gaba, a shekarun 1860. Sunayen da ake ambata a nan su ne Pierre Michaux, wanda maƙeri ne mai aikin keken doki, da Pierre Lallement, wanda ya tafi Amurka ya yi rajistar ƙirar a 1866. Ƙafafun na katako ne da aka naɗe da ƙarfe, titunan kuma na duwatsu, don haka Turawan Ingila suka laƙaba masa suna mai ma'anar "mai girgiza ƙashi".

A wannan zamanin ne boris ya shigo. Wani Bafaranshe, Jules Suriray, ya yi rajistar 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ake zubawa a cibiyar ƙafa a 1869. A watan Nuwamban shekarar aka yi tseren keke daga Faris zuwa Rouen, kilomita 123, kuma James Moore da ya zo na ɗaya a kan keke mai irin wannan boris yake. Sai da ya shafe sama da awa goma a hanya.

Keken da za ka saya yau yana da boris a cibiyar ƙafar gaba, da ta baya, da wuya, da gindin feda inda hannayen feda biyu suka haɗu, da cikin fedojin kansu. Duba su ba ya cin minti uku. Ka kama taya ka jijjiga ta gefe da gefe, bai kamata ta yi motsi ba. Ka ɗaga ta ka juya, ka sa hannu a jikin ƙarfen kusa da cibiya. Idan ka ji gurzawa kamar ana niƙan tsakuwa, giris ya bushe ko yashi ya shiga. Ka kama hannun feda ka ja shi waje ka tura ciki, shi ma kada ya yi lilo. Boris da giris ba su da tsada, don haka wannan ba dalilin fasa saye ba ne, dalilin rage kuɗi ne. Amma idan an daɗe ana hawa a haka har kwanon da boris ke zama a ciki ya cinye, gyaran ya zama na canza cibiya gaba ɗaya.

SHEKARUN 1870: ƘATUWAR ƘAFA DA WAYOYINTA

Ga wani abu da zai ba ka sha'awa. Mu Hausawa da keken hawa da keken ɗinki duk keke muke ce musu, kuma tarihi bai ƙaryata mu ba. James Starley, wanda ake kira uban sana'ar keke a Ingila, keken ɗinki yake ƙerawa a birnin Coventry kafin kamfaninsu ya shiga ƙera na hawa.

Matsalar keken wancan lokaci ita ce feda tana manne da ƙafar gaba, taki ɗaya juyi ɗaya. Idan kana son gudu, dole ka ƙara girman ƙafar. Haka aka yi ta ƙarawa har ƙafar gaba ta kai tsayin mita ɗaya da rabi, ta baya kuma 'yar mitsitsiya. Mutum yana can sama kamar a kan raƙumi, da ya ci karo da dutse sai ya wuntsulo ta ka. Samari masu kuɗi da ƙarfin hali ne kawai ke hawa.

Abin da wannan zamani ya bar mana shi ne wayoyin ƙafa, wato sifok. Ƙafa mai girma haka ba za ta yiwu da katako ba, sai aka koma siraran wayoyin ƙarfe da ake ɗaurewa tamau su riƙe rim ta kowane ɓangare. A 1874 Starley ya fito da saƙar da wayoyin ke gittawa juna, irin wadda kake gani har yau.

Ka ɗaga ƙafar ka juya ta, ka zuba ido a tsakanin rim da robar birki. Idan rim yana matsowa yana ja da baya kaɗan, mai gyara zai saita shi da ɗaure wayoyi. Idan yana rawa sosai, ko yana tsalle sama da ƙasa, ko ka ga wurin da ya lotsa, an buga shi a rami. Ka matsa wayoyin bibbiyu da yatsu ka zagaye ƙafar. Guda ɗaya da ta karye ba komai ba ne, amma idan da yawa sun saki ko tsatsa ta cinye su, za su yi ta karyewa ne ɗaya bayan ɗaya.

1885: SHEKARAR DA KEKE YA ZAMA KEKE

John Kemp Starley, ɗan ɗan'uwan James, shi ne ya fito da keken da ya sa wa suna Rover a 1885, a Coventry ɗin dai. Ya mayar da feda tsakiya, ya haɗa ta da ƙafar baya ta hanyar sarƙa, ya rage ƙafafun suka zo kusan daidai da juna. Sarƙar kirki ta riga ta samu, domin Hans Renold ya fito da irinta a Manchester tun 1880. Yanzu ba sai an ƙara girman ƙafa ba. Idan farantin gaba yana da haƙori 44 na baya kuma 18, taki ɗaya zai juya ƙafa kusan sau biyu da rabi. Cikin 'yan shekaru gangar jikin keke, wato firem, ta zauna a siffar kusurwa uku guda biyu da aka haɗa baya da baya.

A nan ne keke ya bambanta da abin da nake gyarawa kullum. Wayar da ta shekara goma, ko da lafiyarta ƙalau, manhajoji sun daina hawa kanta, batirinta ma sai an sha wuya a samu. Keke kuwa ƙirarsa ta tsaya tun kafin a haifi kakanninmu. Wanda ya shekara 30 zai kai ka inda na bana zai kai ka, a kan titi ɗaya. Don haka kada ka tsaya tambayar shekarunsa. Ka tambayi lafiyar firem ɗinsa, domin shi ne kamar allon cikin waya, komai ana canzawa amma idan shi ya tafi an gama.

Ka kunna fitilar wayarka ka bi duk mahaɗar ƙarfe: wuya, ƙarƙashin sirdi, gindin feda, da inda ƙafar baya ta shiga. Kana neman tsaga, ko sabuwar walda, ko fentin da ya tattare kamar fatar tsoho. Fentin da ya tattare a ƙasan wuya alama ce an yi karo da gaba. Ka tsaya a gefe ka dubi fok, ƙarfe biyun da suka riƙe ƙafar gaba. Idan sun karkata baya, an yi karo. Duk sitikar da ka gani a mahaɗa, ka ce a ɓare. Idan mai keken ya ƙi, ka yi masa sallama. Kuma ka kwance sandar sirdi ka ga tana hawa tana sauka, don akwai wadda tsatsa ta haɗe ta da firem har abada. Idan ta fito, ka haska cikin bututun ka ga yawan tsatsar ciki.

Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar sifika ya isa. Idan ya kama firem, ƙarfe ne. Idan bai kama ba, yawanci alminiyum ne. Alminiyum ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma idan ya tsage ba kowane mai walda ne zai iya masa ba. Ƙarfe kuwa ko a ƙauye za a ɗinke maka shi.

Girma shi ma a nan yake. Ka tsaya keken yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Dole a samu rata ko da ta yatsu biyu ko uku tsakaninka da sandar sama. Sannan ka zauna, ka ɗora dunduniya a feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe daidai, ba tare da ka karkata ƙugu ba. Idan sai an zaro sandar sirdi ta wuce layin da aka zana mata kafin ka samu haka, keken ya yi maka kaɗan. Komai arahar keken da ba girmanka ba, gwiwa da baya ne za su biya cikon.

Sarƙa kuma tana da gwaji mai sauƙi. Tsakanin kowane fil da na kusa da shi rabin inci ne. Ka ɗora rula, ka fara daga tsakiyar fil ɗaya, a inci 12 ya kamata ka faɗa tsakiyar wani fil daidai. Idan ya zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙar ta ƙare, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya. Idan ba rula, ka ja sarƙar daga gaban farantin gaba. Idan ta ɗago har kana hango haƙori, ta tsufa. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata kamar ƙaya su ma sun gama aiki.

1888: LIKITAN DABBOBI DA TAYAR ISKA

Rover ya magance faɗuwa amma bai magance jijjiga ba, domin tayarsa roba ce dunƙulalliya. John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ɗan Sukotilan da ke zaune a Belfast, ya ga ɗansa yana shan wahala a kan ɗan kekensa mai ƙafa uku, sai ya naɗa masa bututun roba da aka hura wa iska. Ya yi rajista a 1888. Daga baya aka gano wani mai suna Robert Thomson ya riga shi tun shekarun 1840, amma ta Dunlop ce ta yaɗu. A 1891 'yan uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake cirewa a yi faci a mayar, kuma a shekarar Charles Terront ya ci tseren Faris zuwa Brest da dawowa a kanta, tafiyar kusan kilomita 1,200. Duk mai facin da ke bakin titi yau gadon wannan yake ci.

Nan ne masu sayen keken hannu suka fi faɗawa rami, don haka ka natsu. Tayoyi ba girmansu ɗaya ba, kuma lambar da muka saba kira tana ruɗi. Taya 26 ta keken hawa dutse, mai rubutun 26 x 1.95, da taya 26 ta kekunan Japan, mai rubutun 26 x 1 3/8, ba sa shiga rim ɗin juna ko kusa. Kamar sikirin ne na wayoyi biyu masu suna iri ɗaya amma soket daban. Ka duba gefen tayar za ka ga wata lamba kamar 50-559 ko 37-590. Lamba ukun ƙarshe ita ce faɗin rim a milimita, kuma ita ce gaskiyar magana. 559 na keken dutse ne, 590 da 630 sun yawaita a na Japan, 622 na kekunan Turai ne da na tsere, 635 kuma shi ne babban keken iyayenmu mai taya 28. Ka ɗauki hoton lambar da wayarka, ka je wurin mai kayan keke na unguwarku ka tambaya ko yana da ita, kafin ka biya kuɗin keke.

Bawul ma iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda ake kira Schrader, kowane mai faci zai ba ka iska. Akwai na Dunlop, wanda ke kan tsofaffin kekuna da na Japan, famfon hannu na gargajiya yana yi masa. Akwai kuma siriri mai ɗan noti a kai, Presta, na kekunan tsere. Idan shi ne a naka, ka sayi ɗan adaftarsa ka ajiye a aljihu, in ba haka ba wata rana za ka tura keke da ƙafa ka wuce masu faci uku.

Ka matsa gefen tayar ka ga ko ta yi tsage-tsage don bushewa. Kuma ka tuna da hanyoyinmu: yashi, ramuka, da tsidau. Siririyar tayar tsere tana da daɗi a kwalta mai kyau, amma a lungu mai rairayi nutsewa take. Mai matsakaicin faɗi ta fi dacewa da mai koyo.

DOKIN ƘARFE YA ISO GARE MU

Bayan tayar iska, keke ya cika duniya a shekarun 1890. Mata suka fara hawa, ma'aikata suka samu abin zuwa aiki. Har 'yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgin sama a 1903, masu shagon gyara da ƙera keke ne a garin Dayton na Amurka. Ina faɗa wa abokaina masu gyara wannan idan wani ya raina sana'ar hannu.

A birnin Nottingham na Ingila, wani ɗan shago a kan titin Raleigh ya fara ƙera keke a shekarun 1880, Frank Bowden ya zuba kuɗi a ciki ya mayar da shi kamfani. Wannan Raleigh ɗin shi ne ya zama sarkin kekuna a ƙasarmu zamanin Turawa da bayansa, har ya kafa masana'anta a Kano. Ka tambayi duk dattijon da ke kusa da kai, zai ba ka labarin lokacin da malamin makaranta ko ma'aikacin En'e mai keke yake abin kallo a gari, da lokacin da ake yankar wa keke lasin, da yadda yara ke tara kwabbai su je haya. Daga baya Phoenix na birnin Shanghai da Hero na Ludhiana a Indiya suka shigo da irin wannan ƙira a farashi mai sauƙi.

Irin wannan keken, baƙi mai birkin sanda da kariya da madigadi, an yi shi ne don kaya da daɗewa. Shi ya sa har yau za ka gan shi ɗauke da buhu ko jarkoki. Giyarsa ɗaya, kayansa ko'ina akwai, kowane mai gyara ya san shi. Aibinsa nauyi, da tsayi ga wanda bai kai ba, da birkin da ba ya kamawa sosai idan rim ya jiƙe.

Birki kuwa ko wane iri ne, ka gwada shi kafin komai. Ka damƙe hannun, bai kamata ya taɓo kan keke ba kafin ya kama. Ka duba robar ko ta cinye, ka duba kebul ko ya fara warwarewa, ka shafa gefen rim ka ji ko birki ya rarake shi ya yi kwari.

GIYA DA KEKEN HAWA DUTSE

Giya iri biyu ce. Akwai ta cikin cibiyar baya, wadda Sturmey-Archer suka fito da mai hawa uku a 1902. Tana rufe, ƙura ba ta shiga, amma idan ta lalace ba kowa ke buɗe ta ba. Akwai ta waje, mai ɗan hannun da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti. Ita ma tsohuwa ce, sai dai ba a yarda da ita a babban tseren Tour de France ba sai 1937. Sunan da za ka fi gani a jikinta yau shi ne Shimano, kamfanin da aka kafa a garin Sakai na Japan a 1921.

Shi kuwa keken hawa dutse da samari ke rububi, daga keken hannu aka haife shi. A shekarun 1970 wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya na shekarun 1930 da 1940, suna gyarawa suna gangarowa da su daga kan dutse. Tseren da suka fara a 1976 sun kira shi Repack, saboda kafin a sauko giris ɗin birkin baya ya ƙone, sai an sake cusa wani. Cikinsu akwai Joe Breeze da Gary Fisher. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, daga nan ƙirar ta bazu duniya, masu kyau da na bogi.

Na bogin su ne irin wanda na fara saya. Shokozoba an yi ta ne don mai gangarowa daga dutse. A keke mai araha ƙarin nauyi ce kawai, tana shanye ƙarfin takunka, kuma idan ta saki ba gyara. Giya 21 ma, idan garinku shimfiɗaɗɗe ne kamar Kano ko Maiduguri, biyu ko uku za ka yi ta amfani da su. Mutumin Jos ko wani gari mai hawa da gangara shi ne giya ta zame wa dole. Idan za ka sayi mai giya, ka hau ka bi su duka ɗaya bayan ɗaya. Kada sarƙa ta yi tsalle idan ka taka da ƙarfi. Ka tsaya a baya ka dubi ɗan hannun giyar, ya sauko a miƙe, kada ya karkata wajen wayoyin ƙafa, don ranar da ya shige cikinsu zai ɓalle ya tafi da wayoyin.

Kekunan Japan na hannu da ake shigowa da su, masu kwando da fitila da sandar da ta sauko ƙasa, an yi su ne don zuwa kasuwa da makaranta da tasha. Ga mai koyo, ko mai sa doguwar riga, ko 'yar uwa mace, hawa da saukarsu ya fi sauƙi. Ka dai tabbatar da lambar taya kamar yadda na faɗa.

KAFIN KA MIƘA KUƊI

Keke ma yana da tasa IMEI. Ka kifa shi ka duba ƙarƙashin gindin feda, yawanci a nan ake buga lambar firem. Idan an goge ta ko an kankare, ka bar shi ko nawa ne, kamar yadda ba za ka sayi wayar da aka sauya wa lamba ba. Ka ɗauki hoton lambar, ka karɓi rasit mai ɗauke da ita da sunan mai sayarwa, a gaban shaida. Kayan sata araha gare su, amma ranar da mai shi ya gan ka a kai, ba keken kaɗai za ka rasa ba.

Kada ka kashe duk kuɗinka a kan keken. Ka rage wani abu don tub, robar birki, giris, kwaɗo mai ƙarfi, fitilar gaba da jar fitilar baya, da hular kwano idan za ka shiga babban titi. Ka je da rana, ka je da wanda ya san keke, kuma kada ka yarda da "ai lafiyarsa ƙalau" sai ka hau da kanka. Idan wuri ya ba da dama, ka ɗan sassauta riƙon kan kana tafiya a hankali. Keken da firem ɗinsa ya miƙe zai tafi sak, wanda ya karkace zai riƙa janka gefe guda.

Bayan ka saya, kada ka yi wa sarƙa wanka da baƙin mai, yashi yake tarawa ya zama kamar fayil yana cin ta. Ɗan mai kaɗan, ka goge saura da tsumma, musamman lokacin ƙurar hunturu. Ka fara da gajeriyar tafiya ranar da ba aiki, ka koyi hanyoyin cikin unguwa kafin ka shiga tsakanin 'yan adaidaita.

Keken da nake hawa yanzu tsoho ne, fentinsa ya koɗe, giyarsa ɗaya, ba wanda ke juyowa ya kalle shi. Maganaɗisu ya kama shi, na haska duk mahaɗarsa ban ga komai ba, tayarsa kuma akwai ta a bakin layinmu. Shi ke kai ni shago ya dawo da ni, ranar Lahadi da safe kuma na zaga bayan gari da shi don nishaɗi. Sayen nagari dai mayar da kuɗi gida ne.

Wanda ya je dubawa ya ga abin da bai gane ba, ya ɗauki hoton wurin da lambar tayar ya turo, za mu duba tare in sha Allahu. Allah Ya tsare mu a kan hanya.